TALIYAR JAPAN: UWARGIDA, TAMBAYI KAFIN KI SA HANNU

 

Ran nan ina cikin aji, ana gab da tashi tara, sai na tambayi 'yan matana ko wace ce ta karya da indomi da safe. Hannuwa suka tashi kusan rabin aji. Na ce, to madalla, wa za ta gaya mini inda wannan abinci ya samo asali? Wata ta ce Ikko, wata ta ce Ingila, wata kuwa ta ce ai a kantin bakin layinsu ake yin ta. Aka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai, domin na tabbata da iyayensu mata na tambaya, amsar da zan samu ke nan. Muna ci, muna ba 'ya'yanmu, ba mu san ko daga ina abin ya fito ba.

To, uwar wannan taliya tamu ta leda tana ƙasar Japan, sunanta ramen. Can ba a leda kaɗai take ba, gidajen abinci ne musamman dubbai waɗanda ba su da wata sana'a sai ita. Yau ga shi irin waɗannan gidaje sun bazu har Landan da Faris da Dubai da manyan biranen Amurka. 'Ya'yanmu mata suna fita karatu waje, matan aure suna bin mazansu wurin aiki ko kasuwanci, waɗanda ke gida kuma suna ganin kwanon nan yana tururi a waya, yawunsu na tsinkewa. Saboda haka maganar ta zama tamu. Ra'ayin wannan fili shi ne, kada mace ta ci abin da ba ta sani ba don kunya, kada kuma ta ƙi sanin abincin mutane don tsoro. Bari mu shiga gidan tare, mu ga abin da ke cikin kwanon.

Da farko ita taliyar. Da garin alkama ake yin ta, da ruwa da gishiri, sai wani ruwa da suke kira kansui. Kada sunan ya ruɗe ki, uwargida, ɗan'uwan ruwan kanwa ne, irin wanda kike jiƙawa ki sa a ɗanwake ko miyar kuka. Shi ne ke sa taliyar ta yi launin ɗorawa, ta yi danƙo a baki, ba ta saurin narkewa cikin romo mai zafi. Duk wadda ta taɓa murza taliyar Hausa ta shanya a igiya ta san wahalar samun kwaɓi mai kyau, to su ma a nan gwanintar take farawa. Wani gida siririya yake yi miƙaƙƙiya, wani mai kauri mai lanƙwasa, kowa da irin tasa.

Sa'an nan sai romo, wanda shi ne ran abincin. Akan dafa ƙasusuwa da kaza, ko busasshen kifi da wani ganyen teku, tare da albasa da citta da tafarnuwa, a bar tukunya bisa wuta sa'o'i da yawa. A gindin kwano kuma akan zuba wani haɗi mai gishiri kafin a kwarara romon, da shi ake rarrabe iri-iri. Akwai shoyu, mai ruwan waken suya baƙi, wanda aka san birnin Tokiyo da shi. Akwai shiyo, watau mai gishiri zalla, romonsa garau, na garin Hakodate. Akwai miso, wanda ake yi da waken suya da aka bari ya ruɓa kamar yadda muke yin daddawa, wannan na Sapporo ne, can arewa inda ƙanƙara ke zuba. Na huɗu shi ne tonkotsu na wajen Fukuoka a kudu, fari kamar madara, mai kauri. Ki riƙe sunan nan da kyau, za mu komo kansa. A bisa kuma sai a jera yankan nama, da dafaffen ƙwai mai ruwa-ruwa a tsakiya, da lawashi, da tohon gora, da ɓallin ganyen teku busasshe.

Abin mamaki, su ma Japanawan aro suka yi. Mutanen Sin da suka zauna a garuruwan bakin teku kamar Yokohama su suka kawo irin wannan taliya. A shekarar 1910 aka buɗe wani gidan abinci mai suna Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokiyo, masu dafuwarsa 'yan Sin ne, shi ake yawan ambata in ana zancen mafarin ramen. Amma abin da ya watsa ta ko'ina yunwa ce. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945 birane sun ƙone, shinkafa kuma ba ta yi kyau ba a shekarar, sai Amurka ta riƙa shigo da garin alkama. Talakawa suka kafa rumfuna da amalanke a bakin hanya suna sayar da taliya da romo mai maiƙo ga leburori. Abincin wahala ne tun asali. Yau kuwa har gidan tarihi aka gina mata a Yokohama a 1994, kuma a 2015 wani ɗan ƙaramin shago na Tokiyo mai suna Tsuta ya sami tauraron Michelin, lambar yabon da a da sai manyan gidajen abinci na masu kuɗi. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Yanzu ga mu a ƙofa. Yawancin shagunan nan ƙanana ne, waɗansu kujerunsu ba su wuce goma ba, an jera su gaban dogon kanta, mai dafuwa yana tsaye a gabanki kina ganin duk abin da hannunsa ke yi. In gidan ya yi suna za ki tarar da layi a waje, kowa tsaye shiru, babu mai tsallake wani, babu mai cewa ai ni 'yar wane ce. Da shigarki, a gidaje da yawa, za ki ga wata na'ura a bakin ƙofa. Nan za ki sa kuɗi, ki danna abin da kike so, ta ba ki ɗan tikiti ki miƙa wa mai dafuwa. Kwano ɗaya kuɗinsa yakan kama wajen yen 1,000, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. Ruwan sha kyauta ne, sau da yawa ke za ki zuba da kanki. Ba a ciniki, ba a kuma ba da tukwici. In kika bar canji a kan kanta, mai shago yana iya biyo ki da shi a guje, yana zaton mantuwa kika yi.

Ladabin cin ma daban yake da namu. Mu nan an hore mu tun muna yara, 'ya mace ba ta zuƙar abinci da ƙara. Can kuwa za ki ji shago duka ya ɗauki fuut, fuut, manya da yara, domin zuƙar tana sanyaya taliyar, kuma ba abin kunya ba ne a wurinsu. Ba dole ne ki yi ba, amma kada ki yi wa mai yi kallon banza. Da tsinke biyu ake ɗaukar taliya, romo kuma da cokali mai zurfi, in ba ki iya ba ki roƙi cokali mai yatsu. Abu biyu ne za ki kiyaye: kada ki kafa tsinkayen a tsaye cikin abinci, kada kuma ki miƙa wa wata loma daga tsinkenki zuwa nata, domin duka biyun al'adun jana'izarsu ne. Kafin su fara ci sukan ce itadakimasu, in sun gama su ce gochisosama, godiya ce ga wanda ya dafa. Ba a zaman hira. Taliya in ta jima cikin romo kumbura take, ga kuma mutane a waje suna jira, saboda haka cikin minti goma sha biyar an ci an tashi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kalmar tonkotsu da na ce ki riƙe, ma'anarta ƙashin alade. Farin nan mai kama da madara ɓargo ne da kitsen alade da aka tafasa awa goma ko fiye har suka narke. Yankan naman da ake ɗorawa a bisa, wanda suke kira cashu, a yawancin gidaje naman alade ne. Ba a nan ta tsaya ba. Kwanon da aka ce miki na kaza ne ko na kifi, sau da yawa an haɗa romonsa da ƙashin alade, ko an ɗiga man alade a kai don ƙamshi. Haɗin gindin kwano da ruwan da ake jiƙa ƙwai da nama kuma akan sa musu sake da mirin, dukansu giyar shinkafa ce. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kwano ne mai kyau, mai ƙamshi, ga ƙwai ga lawashi, sai ka ce farfesun gidan biki.

Ba wai Japanawa suna yaudarar kowa ba ne. Abincinsu ne, ƙasarsu ce, Musulmi kuma 'yan kaɗan ne a cikinsu, ba wanda ya ɓoye kome. Nauyin yana kanki ke baƙuwa. Na san abin da kan faru. Yarinya ta je karatu, ƙawayen ajinta sun ja ta cin abinci, kowa ya danna na'ura ya zauna, ita kuma tana jin nauyin a ce ta cika tambaya, ko a ce baƙauyiya ce. Sai ta ce a ranta, bari in tsame naman in ajiye gefe, in ci taliyar. Ƙanwata, wannan dabara ba ta fisshe ki ba, domin aladen yana cikin ruwan da taliyar ke iyo. Wadda ta tsame nama daga miya ba ta tsame miyar daga nama ba. Haka kuma matar aure da maigida ya kai ta liyafar abokan aikinsa, tana ganin in ta buɗe baki ta ba shi kunya. Kunya ado ce ga mace, amma kunyar da za ta sa ki haɗiye abin da addininki ya hana ba ta cikin kunyar da iyayenmu suka koya mana.

Maganin abin kuwa mai sauƙi ne, matambayi ba ya ɓata. Ga wata kalma da ba za ki manta ba: da harshen Japan, alade sunansa buta. I, buta, kamar wadda ke bayan ɗakinki, sai dai tasu mai ƙafa huɗu ce. Naman alade butaniku, kaza kuwa tori. In kika ce, butaniku wa haitte imasu ka, kin tambaya ke nan ko akwai naman alade a ciki. Ki tambayi romon, ki tambayi man, ki tambayi giyar girki. Wadda ba ta iya furtawa ba ta sa a rubuta mata a takarda tun daga masauki. In amsar ba ta gamsar da ke ba, ki yi godiya ki fita, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mafi kwanciyar rai ma shi ne ki nemi gidajen da aka buɗe musamman don Musulmi. Akwai su a Tokiyo da Osaka da Kiyoto, suna dafa ramen da kaza ko naman shanu na halal, ba giya, da takardar shaida a manne a bango. Akwai kuma masu yin na ganye zalla, sai dai can ma a tambayi maganar giyar. Ki bincika tun kafin yunwa ta kama ki, domin mai jin yunwa ba ya dogon bincike.

Wata uwar za ta ce, Malama, ina ruwanmu da wannan duka? A hana yaran shiga irin wuraren mana, a huta. Ban goyi bayan haka ba. Yarinyar da aka tura ƙasar mutane shekara huɗu ba za ta rayu da garin kwaki da yajin da aka ƙulla mata a akwati ba. Dole ta ci abincin garin, dole ta zauna da mutanensa. In ba mu koya mata yadda ake tambaya ba, to ɗayan biyu ne: ko ta kulle kanta a ɗaki ta rame, ko ta gaji ta saki jiki ta ci duk abin da aka ajiye mata. Hani ba tare da ilimi ba, ranar da ido ya kauce ya ƙare. Wadda ta san abin da ke cikin kwano kuwa, ko ina ta shiga da mutuncinta za ta fito, har ma ta koya wa ƙawayenta wani abu game da mu.

Mu komo gida, wajen ledar nan tamu. Wani mutum ne mai suna Momofuku Ando ya ƙago ta. Karayar arziki ta same shi, ya shiga wata 'yar rumfa a bayan gidansa a garin Ikeda kusa da Osaka, ya yi ta gwaji wajen shekara guda yana neman taliyar da za ta daɗe ba ta lalace ba, a kuma dafa ta nan da nan. An ce matarsa ya gani tana suya a madafa, sai ya lura mai mai zafi yana korar ruwa daga jikin abin da ake soyawa. Ya soya taliyarsa ta bushe, ta yi ƙananan ƙofofi da ruwan zafi zai shiga ya tayar da ita. A 1958 ya fito da ita kasuwa da ɗanɗanon kaza, yana da shekara 48, a 1971 kuma ya fito da ta cikin kofi. Ku duba fa, dabarar da ta ciyar da duniya daga kaskon mace aka ɗauko ta. Yau ana cin fiye da ƙulli biliyan 100 a shekara a duniya. Indomie da muka sani ta ƙasar Indunusiya ce, an fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun cikin shekarun 1990, kuma Nijeriya ce kan gaba wajen ci a Afirka.

Amma ku lura da abin da ya faɗi a hanya. Bajapane ya kwana yana dafa romo, ya sa ƙwai da nama da ganye, taliyar kashi ɗaya ce cikin kwanon. Mu kuwa sai muka ɗauki taliyar da 'yar ledar gishiri, muka bar sauran. Abin da ke cikin leda gari ne da mai da gishiri da kayan ɗanɗano. Yana cika ciki, amma yaron da ke girma yana bukatar abin gina jiki, wake ko ƙwai ko kifi ko nama, da ganye. Ina ganinsu a aji, wanda ya karya da taliya tsura kafin ƙarfe goma sha ɗaya ya fara hamma. Ga kuma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Kwanon ramen ɗaya, in aka shanye romonsa tas, yana iya wuce wannan, shi ya sa masu kula da lafiyarsu a Japan sukan bar saura a kwano. Mu da hawan jini ya yi wa gidajenmu yawa, sai ga shi muna juye ledar duka, mu ƙara dunƙule biyu a kai.

Ba na ce a daina ba, na san halin safiya, ga yara biyar ga makara ga tsadar gawayi. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki sa rabin ledar gishirin, ki bar dunƙule. Ki fasa ƙwai, ko ki marmasa busasshen kifi. Ki yanka kabeji ko karas ko alayyafo, ko ki watsa zogale. In kin yi farfesun kaza ko kin tafasa ƙashi, kada ki zubar da ruwan, ki dafa taliyar a ciki, kin yi ramen ɗinki ke nan na halal, ba ki biya yen ko ɗaya ba. Kuma kada ta kori koko da ƙosai, da ɗumamen tuwo, da fate, su ma a bar musu ranakunsu. In wani ya kawo miki tsarabar taliyar leda daga Japan ko Koriya ko Sin, kada ki ɗauka duk ɗaya ce da tamu. Da yawa daga cikinsu akwai sinadarin alade a ledar romon. Ki nemi tambarin halal, ko ki ba mai iya karatun ya duba miki.

Akwai darasi ɗaya kuma ga 'yan'uwa masu sana'ar abinci a gida, masu ɗanwake da alala da taliya da manja. Mai shagon ramen yakan shekara ashirin yana dafa abu ɗaya, kullum yana gyara shi, kantarsa a goge, tukunyarsa a gaban kowa. Ba ya sayar da abu goma, amma mutane suna tsayuwa cikin sanyi don kwanonsa. Wadda ta riƙe abu ɗaya ta ƙware a kai, ta tsabtace wurinta har ba ta jin kunyar a leƙa madafarta, ba za ta rasa masu saye ba.

Ku kuma 'yan matana, aikin gida na ba ku. Yau in an aike ku kanti, ku juya bayan ledar ku karanta abin da aka rubuta, ku ga a ina aka yi ta, me aka sa a ciki, yaushe za ta lalace, sa'an nan ku karanta wa Inna. Amfanin karatun ke nan. Wata rana cikinku wata za ta tsaya gaban na'urar nan a Tokiyo, ƙawaye suna jiranta, ina so ta tuna da butar bayan ɗaki, ta yi murmushi, ta buɗe baki ta yi tambaya.

Wadda ke da wata dabara ta gyara taliyar yara, ta rubuto mana mu buga don sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a gidajenmu, ya ciyar da mu halal. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.